Gawo da Kuka a Filin Makaranta: Karatu Ne ko Ɗora wa Yara Kaya?

A watan Nuwamba na 2014, shugaban ƙasa na wancan lokaci, Goodluck Jonathan, ya je Bachaka da ke ƙaramar hukumar Arewa ta Jihar Kebbi, ya ƙaddamar da kason Najeriya na shirin Babbar Koriyar Ganuwa. Shirin na Tarayyar Afirka ne, an amince da shi tun 2007, manufarsa kuwa a yi wa hamada shinge da itatuwa tun daga Senegal har Jibuti. Kebbi na cikin jihohi 11 na Arewa da aka ce su ne a bakin daga. Tun daga nan kunne ya saba da kiran dashen itace duk damina, a rediyo da wuraren taro, kuma da wuya mai wannan kira ya gama bai ambaci 'yan makaranta ba.

Masana daji sun ƙara wa kiran wani sharaɗi, wato in za a dasa, a dasa na gida. Suna nufin gawo, kuka, tsamiya, ɗorawa, aduwa, magarya, kurna, kanya, bagaruwa da 'yan'uwansu, waɗanda ƙasar nan ta san su kafin zuwan dogon yaro da turare. A nan tambaya ta taso, kuma ta shafi duk uban da ke da ɗa a firamare, ko a Badariya cikin Birnin Kebbi ko a Argungu: shin ya dace a miƙa wa yaro ɗan shekara takwas fartanya da bokiti, a ce shi da 'yan ajinsu su kafa lambun itatuwan gida a harabar makaranta? Masu cewa a yi da masu cewa a bari, kowa na da abin faɗa, kuma babu ɓangaren da maganarsa ta zama ta yarwa.

Hujjar masu cewa a yi

Abin da suke fara nunawa shi ne rana. Daga Maris zuwa Mayu, zafi a Birnin Kebbi kan haura digiri 40. Ajin da aka rufa da kwano babu sili, da hantsi ya ɗaga sai ya koma wurin gumi da gyangyaɗi, malami na bayani yara na fifita da littafi. Idan aka tashi tara, duk 'yan makaranta sai su cunkushe a gindin bango ɗaya mai ɗan inuwa. Itacen da ke gabas da yammacin aji yana hana rana dukan bango, layin itatuwa a gefen fili kuma yana karya ƙarfin iskar farkon damina, wadda kowace shekara sai an ji ta yaye rufin ajujuwa a wani gari. Ga masu wannan ra'ayi, inuwa kayan aikin makaranta ce, daidai da allo da benci.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi a wurinsu, ita ce ilimin da ke salwanta. Yaron da ya tashi a Badariya yana shan miyar kuka da kunun tsamiya, yana jin ƙamshin daddawa a tukunya, amma mai yiwuwa ne a tsayar da shi a gindin ɗorawa ya kasa faɗin sunanta, balle ya san cewa daga kalwarta ake yin daddawar. Kakansa kuwa ya san cewa gawo na zubar da ganye da damina ya tofo da rani, shi ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa, bisashe kuma ke samun abinci a lokacin da ciyawa ta ƙare. Ya san da 'ya'yan bagaruwa majema ke jime fata, da kabar goriba ake saƙa tabarma da igiya, daga giginya ake samun azara da muruci, ƙirya ake sassaƙa turmi, gamba ake yin zana. Ya san goran da masunta ke hawa a kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu daga duma ya fito, kuma wani ne ya shuka shi ya yi renonsa. Duk wannan ilimi a baki yake, kuma dattawan da ke riƙe da shi suna ta raguwa. Makaranta ce kaɗai wurin da ake tara yaran unguwa kullum, saboda haka nan ya kamata a miƙa musu shi.

Suna ƙarawa da cewa lambun ba ya cin lokacin karatu, domin shi kansa darasi ne. Aikin gona da kimiyya suna cikin manhajar firamare tun da daɗewa, sai dai akasari a allo ake zana su. Yaron da ya shuka ƙwayar kuka 20, ya ƙirga nawa suka tsiro, ya auna tsawonsu da igiya duk mako ya rubuta a littafi, ya yi lissafi, ya yi rubutu, ya yi kimiyya a zama ɗaya. Idan aka raba irin gida biyu, aka jiƙa rabi a ruwan zafi aka bar rabi haka nan, sai ya ga da idonsa wanne ya riga tsirowa, ya gane dalilin da ya sa ƙwaya mai taurin ɓawo ke jinkiri. Gani ya kori ji.

Hujja ta uku ita ce juriya. Itacen gida ya saba da damina ta wata huɗu da rani na wata takwas. Aduwa da gawo suna tura saiwa can ƙasa neman ruwa, kuka tana ajiye nata a jikinta, sabara kuwa ko an sare ta sai ta sake tofowa. A nan sukan kawo labarin Maraɗi. A farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya sha ganin itatuwan da ake dasawa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa a gona reshe ne na kututturen da ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara barin rassa kaɗan masu ƙarfi ana datse sauran, manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya ƙasar da ta kai hekta miliyan 5 a Nijar, mafi yawanta a jihohin Maraɗi da Damagaram, ta sake samun itatuwa kimanin miliyan 200, kuma gawo ne kan gaba a cikinsu. Hausawa ne irinmu suka yi wannan aiki, da itatuwan da ƙasarsu ta haifa.

Daga ƙarshe sai su koma ga tarbiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Motocin itacen girki da buhunan gawayi da ke shigowa birni kullum daga daji suke, kuma dokar hana sara ita kaɗai ba ta taɓa wadatarwa ba. Yaron da ya yi shekara uku yana shayar da tsamiya ɗaya ya san tsadarta, zai yi tunani kafin ya ɗora wa wata gatari idan ya girma. Malaman addini sukan tunatar da hadisin da Buhari da Muslim suka rawaito, wanda ke nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen musulmi sadaka ce a gare shi. A Kenya ma, Wangari Maathai da talakawan ƙauye ta fara nata gangamin dashe a 1977, har ya kai ta ga kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004.

Hujjar masu cewa a bari

Su kuma waɗannan daga cikin aji suke farawa. A shekarun baya asusun UNICEF ya sha faɗin cewa yara kimanin miliyan 10.5 a Najeriya ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Waɗanda ke zuwa ɗin ma, nawa ne ke kai aji huɗu suna iya karanta jimla ɗaya da Hausa ba gargada? Malamai sun yi kaɗan, ajujuwa sun cika maƙil. A irin wannan hali, in ji su, duk sa'ar da aka cire daga karatu da lissafi asara ce. Uban da aka sha fama da shi kafin ya yarda ya saki ɗansa daga gona, ko 'yarsa daga talla, abin da zai ce a fili yake: boko na kai shi ya koya, in don noma ne ai ga fadama nan, shinkafa na jiran hannu.

Kuma iyaye ba su manta ba. Da yawansu sun yi makaranta a zamanin da share fili, yankan ciyawa da noman gonar makaranta suke zama horo ga wanda ya makara ko ya yi laifi. Wasu sun ga yadda amfanin gonar ke ɓacewa ba a san inda ya nufa ba, wasu ma an kai su aiki gonar da ba ta makaranta ba. Wanda ya tashi yana ganin fartanya a matsayin bulala ba zai yi murna ba idan ɗansa ya dawo gida da kanta a hannu. Tsoronsu shi ne a sauya wa tsohuwar wahala suna, a kira ta kare muhalli.

Sai batun ruwa, wanda shi ne ƙashin bayan hujjarsu. Gaskiya ne babban itacen gida ba ya buƙatar ban ruwa, amma ƙaramin dashe yana buƙata, a ƙalla raninsa na farko, wani lokaci har na biyu. Makarantu da yawa ba su da rijiya, wasu famfon tuƙa-tuƙansu ya lalace, ruwan sha ma da gora yara ke zuwa da shi daga gida. A unguwar da magidanta ke sayen jarka a hannun 'yan garuwa, wa zai biya na itace? Idan kuma aka ce a ɗebo daga nesa, kowa ya san kan wa tulun zai hau: 'yan mata, waɗanda dama sun ɗebi na gida kafin su fito.

Jadawalin makaranta ma bai yi daidai da rayuwar itace ba. Ana dashe a Yuli, makaranta ta tafi dogon hutu, wannan da sauƙi tunda sama na shayarwa. Matsalar tana hutun da ke faɗawa cikin rani. A 2025 gwamnatin Kebbi, kamar ta Kano, Katsina da Bauchi, ta rufe makarantu saboda azumin Ramadan, hutun da ya cinye watan Maris baki ɗaya. Dashen da bai shekara ba, idan ya yi makonni a zafin Maris babu ɗigon ruwa, ƙirare za a dawo a tarar.

Bayan ƙishirwa sai akuya. Jar akuyar ƙasar Sakkwato da Kabi, wadda fatarta ta yi suna har ƙetaren hamada, ba ta raga wa ɗanyen tsiro, kuma da rani sakinta ake yi ta nemi abinci. Makarantar da ba ta da katanga hanya ce ta masu wucewa, filin ƙwallo ne na samarin unguwa da yamma, makiyaya ce ta awaki da tumaki. Kewaye kowane dashe kuɗi ne. Masu adawa sukan tambaya: makarantar da yaranta ke zaune a ƙasa, babu makewayi, rufi na yoyo, ita ce za ta sayi waya ta kewaye gawo?

Akwai kuma jinkirin girma. Yaro na shiga firamare yana ɗan shekara 6 ya fita yana ɗan 12. Tsamiya da ɗorawa sukan ɗauki shekaru kafin su fara 'ya'ya, kaɗanya ma takan kai shekara 15 ko fiye. Dogon yaro kuwa cikin 'yan shekaru kaɗan ya yi inuwa, ɗacinsa na rage masa ɓarnar dabbobi, kuma ba ya tsirara da rani. Daga Indiya asalinsa yake, an shigo da shi Borno wajen 1928, yau kuwa shi ne inuwar titunan Sakkwato, Birnin Kebbi da Argungu. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, da shi aka yi layukan tare iska tun daga 1975, kuma sun yi amfani. Zogalen da muke kwaɗo da shi da mangwaron da muke sha, su ma daga can Indiya suka fito. To, in ji su, baƙon da ya kusa shekara ɗari yana yi mana hidima, da wane dalili za a ce masa ba ɗan gari ba ne? In inuwa ake nema wa yara, a dasa mai saurin ba da ita.

Ba su tsaya nan ba. Aduwa, magarya, bagaruwa da gawo duk masu ƙaya ne, yara da yawa kuwa da silifa suke zuwa, wasu ba takalmi. Ciyawa mai duhu maɓoyar maciji da kunama ce. Itace mai 'ya'ya na jawo hawa da jifa, a samu karaya ko fashewar kai. Tumfafiya ta gida ce, amma ruwanta na cutar da ido. Ga kuma abin da ba a cika faɗa a taro ba amma ana faɗarsa a zaure: akwai iyayen da har gobe suke ganin kuka da tsamiya matattarar iskoki ce, ba sa son 'ya'yansu su zauna a gindinsu da tsakar rana. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, shugaban makarantar da ya yi watsi da shi zai gamu da gunaguni.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce biki. An saba gani: a kafa rumfa, manyan baƙi su zo, a jera yara cikin rana riƙe da dashe a leda, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata shida babu mai komawa ya duba. Rahoton da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da hamada ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga hekta miliyan 100 da Koriyar Ganuwa ta sa a gaba, kimanin miliyan 4 aka farfaɗo a cikin ainihin yankin shirin. A Turkiyya an dasa itatuwa miliyan 11 a rana ɗaya a Nuwamban 2019, bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gona da daji ta ce mafi yawan waɗanda ta duba sun bushe, ko da yake hukuma ta musanta. Yaron da ya ga dashensa ya mutu ba wanda ya damu, darasin da ya ɗauka shi ne aikin hukuma wasa ne. Gara ba a koya masa komai ba da a koya masa wannan.

Idan aka ɗora a ma'auni

Wanda ya saurari ɓangarorin biyu da kyau zai lura ba kan abu ɗaya suke jayayya ba. Masu goyon baya suna maganar amfanin itacen da ya rayu. Masu adawa suna maganar yadda aka saba gudanar da dashe a ƙasar nan. Kowa ya faɗi gaskiya a fagensa. Abin da ya rage shi ne a tantance cikin ƙorafe-ƙorafen, wanne ne tsari ke magancewa, wanne ne kuma ke rushe shirin gaba ɗaya.

Ƙorafin wahalar da yara yana da magani, wato a raba aikin manya da na yara tun farko. Haƙa rami, kafa shinge da jigilar ruwa daga nesa aikin manya ne, na kwamitin kula da makaranta da iyaye da samarin unguwa, ko da ta hanyar gayya. Na yara shi ne tsintar iri a lokacinsa, cika ledar fiya wata da ƙasa da taki a shuka a ciki, zuba ɗan ruwa da gwangwani, aunawa da rubutawa. Sa'a ɗaya a mako ta isa, a cikin lokacin da jadawali ya riga ya ware wa aikin gona. A haramta tura yaro lambu don ya yi laifi, kuma a raba aikin daidai tsakanin maza da mata. Abin da lambun ya haifar, a raba shi a gaban yara.

Ƙorafin jinkiri ma yana da amsa, domin ba dole lambu ya zama manyan itatuwa zalla ba. A sa masa hawa uku. Na farko abin da yaro zai shuka ya ga amfaninsa cikin 'yan watanni: rama, yakuwa, lalo, kuɓewa, da duma ya hau shinge. Na biyu masu matsakaicin lokaci, irin su magarya da sabara. Kuka ma tana iya shiga nan, domin a Mali ana shuka ta a fage kamar alayyafo, a riƙa tsinkar ganyenta tana ƙarama ba a jira ta zama uwa ba. A cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, an yaɗa magarya mai aure, wadda ake ɗora reshen mai manyan 'ya'ya a kan saiwar ta gida, ta kuma haihu da wuri. Hawa na uku shi ne na gado, wato tsamiya, gawo, kanya da ɗorawa, wanda aji ke dasawa ya miƙa wa na bayansa. Kaɗanya a bar wa makarantun Zuru da Yawuri, inda ruwan sama ya fi yawa. Masu ƙaya su tafi bakin iyaka su zama shingen da ke nuna inda filin makaranta ya tsaya, abin da ke da amfani a unguwar da gine-gine ke ƙaruwa kamar Badariya. Masu guba kuwa a koya wa yara gane su, kada a dasa.

Game da dogon yaro, masu adawa sun fi gaskiya. Babu hikima a sare wanda ke tsaye, ko a hana dasa biyu ko uku kusa da aji don inuwar gaggawa. Inda hujjarsu ta gaza shi ne, harabar da babu komai sai dogon yaro ba ta koya wa yaro komai game da miyarsa, tabarmarsa ko takalmin fatarsa. Dogon yaro ba ya fuskantar barazanar ɓacewa a Kebbi, ko'ina ka duba ga shi. Waɗanda ke raguwa a kewayen birane su ne irin su ɗorawa, ɗinya da ƙirya. Don haka ya samu gurbinsa, amma kada ya cinye filin.

Zancen iskoki kuma ba da gardama ake kashe shi ba. A sa limamin unguwa da mai unguwa cikin shawara tun kafin a haƙa rami, a bar iyaye su sa baki wajen zaɓen abin da za a dasa da inda za a dasa shi. Idan unguwa ba ta son kuka a tsakiyar fili, a kai ta kusurwa, ko a fara da kanya da kurna. Dattijon da aka gayyato aji ya yi bayanin amfanin marke ko sabara, shi ne zai fara korar akuya idan ya gan ta a lambun.

Saura biyu, ruwa da tsaro, kuma a nan masu adawa sun yi rinjaye. Dabaru na rage buƙatar ruwa suna nan. Ana iya karkata ruwan alwala da na wankin hannu zuwa gindin itace. Ana iya binne ƙaramar tukunyar ƙasa kusa da saiwa a riƙa cika ta, ta yi ta tsattsafowa a hankali. Ana iya yin ramin tassa da taki a ciki, irin wanda manoman Tawa ke yi, wanda marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa da irinsa. Amma duk waɗannan ragi suke yi, ba sa maye gurbin rijiya. Makarantar da ba ta da ruwa a harabarta ko dab da ita, ba ta da shinge, ba ta kuma da mutum takamaimai da ya ɗauki alkawarin shayarwa lokacin hutu, kada ta karɓi dashe ko da kyauta aka kawo mata. Abin da ya dace da ita shi ne darasin Maraɗi: malami ya zaga da yara gefen fili, su nemo sabara, kalgo ko aduwar da ta tsiro da kanta, a datse, a kewaye da ƙaya, a sa mata suna. Mai tsohuwar saiwa ba ta jiran bokiti.

Kiyaye abu don amfanin gaba ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. A Argungu, Sarkin Ruwa da mutanensa suna hana kamun kifi a Matan Fada har sai ranar biki ta zo, kuma jama'a na bin wannan doka. Bikin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, a kan wannan haƙuri ya dogara. Al'ummar da ta iya kame hannunta daga kogi mai cike da kifi za ta iya tsare lambun makaranta, muddin an san mai alhakin tsaron kuma masarauta ta sa baki.

Masu iya ɗaukar nauyin suna nan kusa. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu tana horar da malaman da ke koyarwa a firamare, nan ya kamata ɗalibin malanta ya koyi renon iri da hannunsa kafin a tura shi aji. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha na iya sa rijiya da shinge su riga dashe zuwa. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, an yi shi ne don farfaɗo da ƙasa da ruwa. Rijiyar da za ta shayar da yara ta kuma shayar da lambunsu ta dace da irin wannan manufa.

Saboda haka, hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne a yi, amma bisa sharaɗi, kuma a fara da kaɗan. Itace 20 da aji shida suka raba, kowanne da sunan ajin da ke renonsa, sun fi 500 da aka jera don baƙi. Sannan a sauya ranar da ake yabo. Maimakon taron ranar dashe a Yuli, a yi ƙidaya a ƙarshen Mayu, bayan bazara ta gama gwada kowa. Shugaban makaranta, kwamitin iyaye da yaran su zaga da littafi, su rubuta nawa suka rayu, nawa suka mutu, da abin da ya kashe su, ƙishirwa ce ko akuya ko gara. Wannan lissafi shi za a aika wa hukuma, kuma da shi za a yanke ko makarantar ta cancanci ƙarin dashe a damina mai zuwa. Wadda nata suka rayu a ƙara mata. Wadda nata suka mutu a fara gyara mata rijiya da shinge kafin a sake miƙa wa yaranta ko da ƙwaya ɗaya.